Uwar Haya a Walimar Gidan Gunki

Tun da na dawo daga Caina ban huta ba. Duk wadda ta shigo yi mini sannu da zuwa, kafin ta ajiye mayafi sai ta ce, "Hajiya, wai da gaske kin ci abinci a gidan gunki?" Wasu har sun ƙara gishiri, wai an gan ni ina rawa da dodo. Jiya a gidan suna a Gwammaja sau huɗu na ba da labarin har muryata ta dishe. Don haka na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, wadda ta tambaya in miƙa mata takarda. Abinci dai na ci, rawa ban yi ba, amma abin da na yi a wurin ya fi rawar nauyi.

Ɗana na fari shekararsa shida a garin da 'yan kasuwarmu ke kira Gwanzu. Ni kunnena Gwanjo ya ji tun farko, kuma har yau haka nake kiran garin. Yana da ɗan ofis a wani dogon bene mai suna Tiyanshu, yana haɗa wa mutanen Kwari da na Maraɗi kaya yana loda musu a kwantena. Ba za ku ga sunansa a takardar nan ba sai a wuri guda. Ɗan fari ne, kun san sauran. Tun da aka yaye shi uwar mijina ta ɗauke shi, ita yake kira Inna har Allah ya karɓi abarsa. Ni Yaya yake ce mini, yadda ya ji ƙannena suna faɗa. Ni kuma "kai" nake ce masa, in ba ya nan in ce "wancan yaron". Haka na taso na gani. Ni ma 'yar fari ce, kuma tsohuwata da ke Ɗanbatta, mai shekara kusan tamanin, har gobe "ke" take ce mini.

Ta bakin ƙanwarsa Bilki saƙon ya zo, don shi ba zai iya duban idona ya yi mini maganar mace ba. Ya samu yarinya 'yar ƙasar, ta musulunta, suna son juna. Amma a can ba a ɗaura aure a hukumance sai da wani ɗan littafi ja, littafin gida, wanda sunan kowa na gidan yake ciki. Littafin yana hannun uban yarinyar, shi kuma ya ce ba zai bayar ba sai ya ga wanda ya haifi yaron da idonsa. Ga shi a shekarar suna shirin wasannin Olamfik, an tsuke biza kamar bakin jaka. Tasa saura mako uku ta ƙare, kuma an ce ba sabuntawa. In aure ya ɗauru ya zauna. In bai ɗauru ba ya tattaro ya baro ofis da yarinya da wahalar shekara shida.

Mijina Alhaji ya rasu, don haka ƙaninsa Kawu Sabo ya kamata ya je. Sau biyu yana neman biza ana dawo masa da fasfo fari fat. Ni da na miƙa nawa ina addu'ar a hana ni, ni aka buga wa.

Ta Habasha muka bi. A jirgi na biyu Allah ya haɗa ni kujera da wani Alhaji mutumin Maraɗi, mai sayen babura, wanda bai yi shiru ba tun daga tashi har sauka. Da ya ji ban taɓa zuwa ba sai ya ɗauke ni ɗaliba.

"Hajiya, kalma uku sun ishe ki. Nihawo, sannu ke nan. Sheshe, na gode. Sai babbarsu, meyo. In sun tambaye ki komi, ki ce meyo, ki wuce abinki."

Bai gaya mini meyo babu take nufi ba, ko ya gaya mini ina gyangyaɗi. Da muka sauka na isa gaban wani yaro mai kaki a bayan gilashi, ya miƙo hannu ya ce fasfo. Na gyara mayafi na ce masa meyo. Ya sake faɗa, na sake meyo, har da murmushi. Sai ga mutum uku sun kewaye ni, alhali fasfon yana hannuna na hagu ina fifita da shi. Alhajin ne ya taso daga bayan layi ya cece ni, yana dariya har hularsa na faɗuwa.

A wajen duba kaya kuma karensu ya nace wa jakata. Aka buɗe. Kilishin da na ɗauro na 'yan Agadasawa suka ɗauke, wai ba a shiga da nama. Sai jami'in ya buɗe gwangwanin daddawa ya kai hanci. Ya ja da baya taku biyu, ya rufe da sauri, ya yi mini alama da hannu in kwashe in tafi. Kare ma bai sake matsowa ba.

Suna tsaye a bakin fita su biyu. Shi ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Yaya, sannu da hanya." Na kau da kai na dubi wani allon talla, na ce yauwa, na tura masa jakar da ƙafa. Sai wata 'yar siririya mai ɗan hijabi ruwan toka ta kama hannuna biyu ta ce, "Inna, kin taho lahiya? Ina gajiya? Mi kika ci cikin jirgi?"

Na waiga ina neman Bamaraɗiyar da ta yi magana. Ashe ita ce. Shekara biyar tana aiki a shagon wasu 'yan Maraɗi, a bakinsu ta kwashi Hausa, har da su "hwaɗi" da "tahiya". Sunanta na gida A-Wa, shi ya sa da ta musulunta ba a sha wahala ba aka ce Hauwa. Ban yi niyyar son ta da wuri haka ba, na so in ɗan ja aji na kwana biyu, amma yarinyar ba ta ba ni dama ba.

Masaukin da suka kama mini a unguwar Sanyuwanli yake. Ɗakin, in na miƙe hannu biyu ina taɓa bango da bango. Katifa kamar dandamalin siminti. Na nemi buta aka ce meyo, sai da Hauwa ta sayo mini wata tukunyar shayi mai zanen furanni, da ita na yi ta alwala har na dawo. Kullum da safe sai 'yan sanda sun ƙwanƙwasa sun duba fasfo, har na saba, ina jin takunsu sai in ziro shi ta ƙasan ƙofa. Ruwan sha kuwa, a wannan zafi nasu mai naso da ya fi na Legas, sai a miƙo maka shi yana tururi, wai sanyi na ɓata ciki.

Abinci na farko taliya na ci a shagon wasu Musulminsu masu farar hula, inda ake murza ta da hannu a gabanka. Ba laifi, sai dai romon kamar an wanke tukunya. Rana ta biyu aka hau da ni hawa na goma sha huɗu a Tiyanshu, aka ƙwanƙwasa wata ƙofa sau uku kamar masu sayar da kayan sata, sai ga wata mata 'yar Kumasi tana tuƙa tuwon shinkafa. Na ba ta rabin daddawata, ta kusa yi mini sujada. A jirgin ƙasansu na cikin rami wata tsohuwa ta kama hannuna ta tofa yawu a yatsa tana goge lallena, ta ga ko zai fita. Na ƙyale ta, don ni ma na daɗe ina kallon ƙafarta ina mamakin inda ake samo takalmin.

A daren kwana na biyu, bayan magariba, Hauwa ta zaunar da ni ta yi mini bayanin inda za a kai ni. Ƙauyensu yana gefen gari. Duk shekara ana bikin ranar haihuwar gunkin ƙauyen, a yi walima a filin gidan bautarsa, irin na addinin Tawo. Kowane gida da teburinsa, kuma wanda aka zaunar a teburin gida ya zama ɗan gida a idon jama'a. A nan babanta ya ce zai gan ni.

"Inna, babana tsoro shikai," in ji ta. "An taɓa yi a ƙauyenmu. Wani baƙo ya nemi ɗiyar maƙwabcinmu, aka ce ya kawo ubanai. Sai ya tahi kasuwa ya ɗauko wani tsoho haya, ya sa mai babbar riga. Bayan shekara guda ya ɓace, ya bar ta da goyo."

Na yi dariya na ce wa zai dube ni ya ce haya. Abin da ya dame ni daban ne. Ranar Juma'a bayan an sauko na sa aka nemo mini wani malami cikin 'yan kasuwarmu, na ce masa ga inda za a kai ni. Ya ce, "Hajiya, ki je don zumunci. Kada ki rusuna wa abin, kada ki ci yankansu, kada ki riƙe musu turare." Na ce wannan mai sauƙi ne, ni da gwiwata ba ta ko rusunuwa saboda ciwo.

Ranar walima na ci ado. Leshi mai nauyi, sarƙar Dubai, ɗaurin da sai da na sunkuya kafin in shiga tasi. Muka isa da la'asar sakaliya. Tun daga bakin lungu hayaƙin turarensu na tsinke ya tare ni, ga ƙarar abin fashewa kamar ana yaƙi, ƙasa duk ta yi ja da takardunsa. Tebura sun cika fili har kan titi, kowanne da jan ƙyalle. Ga dodon da ake cewa na yi rawa da shi: yara biyu ne a cikin zane, ɗaya kai ɗaya gindi, ina ganin takalmansu na kanbas. Ya zo ya buɗe mini baki yana kaɗa gashin ido, na ce masa a'uzubillahi, ya wuce.

Ta ƙofar gidan bautar na leƙa, tunda ido ba ya karya alwala. Gunkin na zaune, baƙin gemu har ciki, rigar zinariya, amma ƙafarsa ba takalmi. Na ce wa Hauwa duk wannan dukiya an kasa saya masa ko silifas. Ta toshe baki tana dariya ta ce in rufa mata asiri. Malamansu na zagaye shi cikin riguna masu aiki, suna kaɗa ƙararrawa suna waƙa ta hanci. Sai ga ƙarti huɗu ɗauke da gasasshen alade sukutum a kan katako, an ɗaura masa jan fure a ka kamar ango. Na ja mayafina na ba shi hanya.

Aka kai ni gaban uban. Hauwa ta ce sunansa Can. Na ce can ina? Ta ce a'a, sunan ke nan. Wani ɗan tsamurmurin tsoho ne da singileti da gajeren wando da silifas, haƙorinsa ɗaya na zinariya. Na ɗauka mai jera kujeru ne, har na kusa miƙa masa jakata. Ashe benaye uku gare shi da 'yan haya, a inda gonarsa take da. Ya dube ni daga ɗauri har takalmi, ni ma na dube shi daga sanƙo har silifas. A gefen kwanonsa ga wata 'yar leda, kuma ta cikinta ina hango jan littafin.

An ajiye mini kujera kusa da yaron. Na zagaya na zauna a ɗaya gefen, tsakanin Hauwa da uwarta. Na ga tsohon ya bi ni da ido, na ɗauka leshin yake yabawa.

Aka zuba shayi a 'yan kofuna. Ƙishi nake ji, na yi bisimilla na shanye. Da na sauke kofi sai na ga kowa yana ɗauraye kwanonsa da tsinken cin abincinsa da nasa shayin, suna juyewa a wata roba a tsakiyar tebur. Ruwan wanke-wanke na sha. Don in gyara, da robar ta zo gabana na tsoma hannu na wanke tas har wuyan hannu, yadda mutum mai tarbiyya ke yi kafin cin abinci. Uwar Hauwa ta kau da kai kafaɗunta na rawa.

Tsoho Can ya zuba wa yaron shayi, sai na ga yaron yana ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu. Raina ya ɓaci. Na ce wa Hauwa, "Gaya wa wancan ya daina buga wa surukinsa tebur kamar mai kiran yaron shago." Ta ce ai godiya ce, haka ake yi. Ban gama haɗiye wannan ba aka kawo abinci, sai ga shi ya sunkuya yana loda a gaban surukinsa, har tsohon na ɗebo masa da tsinkensa yana ƙara masa. A garinmu namiji ya kwana da yunwa ya fi masa sauƙi a kan surukinsa ya ga motsin bakinsa. Wannan kuwa ko a jikinsa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, na ƙara juya masa ƙeya.

Abin da aka ajiye a gabana kuma agwagwa ce, da fatarta da komai. Na janye hannu. Hauwa ta rantse mini da Allah waken suya ne aka sarrafa, babu abin da ya taɓa numfashi a teburinmu. Uwarta ta tashi ta tafi bayan rumfa, sai ga ta da tukunya da ludayi, sababbi fil, takardar kanti ma ba a ɓare ba. Tun mako guda ta saye su, ta tsaya a kan mai girki da kanta don kada cokalin alade ya shiga namu. Wannan ya taɓa ni ƙwarai. Na ci agwagwar ƙarya, na zaro yajina daga jaka na barbaɗa, na ba ta ta ɗanɗana. Ta yi tari har da hawaye, sannan ta miƙo kwano a ƙara.

Ana cikin haka yaron ya ɗago ya ce, "Yaya, ga ruwa." Tsohon ya ajiye tsinkensa. Ya tambayi 'yarsa wani abu, ta amsa, sai na ga fuskarta ta sauya.

"Me ya ce?"

"Ya tambayi mi Yaya take nuhi. Na ce mai babbar 'yar'uwa. Inna, ban yi tunani ba."

Tsohon ya ɗaga hannu ya yafito wani dattijo da ke zagaya tebura da jar takarda doguwa da burushin rubutu. Hauwa ta ce shi ne mai rubuta sunayen mutanen kowane gida, a manna a bangon waje kowa ya gani. Na ce ba dai ƙona wa mara takalmin za a yi ba. Ta ce a'a, bango ne kawai, sai ruwan sama ya wanke. Tsoho Can ya yi magana yana kallona, ita kuma tana juya mini.

"Ya ce su sun kasa hwaɗin sunan daidai. Ke kika haihe shi, ki hwaɗa, a rubuta ƙarƙashin gidanmu."

Na ce, "Ga shi nan zaune, ai ya san sunansa."

Ta juya masa. Tsohon ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ido ba. Hauwa ta shiga yi masa bayani da sauri, ina jin tana cewa "kunya, kunya" a tsakiyar yarensu, don ta rasa kalmar da za ta sa a wurin. Ya katse ta da magana guntuwa. Uwarta ta sunkuyar da kai.

"Me ya ce?"

"Ba komi, Inna."

"Ke, ba na son munafunci. Me ya ce?"

"Ya ce ba ki zauna kusa da shi ba, ba ki dube shi ba ko sau guda, shina ce miki 'yar'uwa, kuma ba ki san sunanai ba. Ya ce nawa aka biya ki."

Wallahi sai da na ji kunnena ya yi ɗumi. Ni, 'yar Malam mai allo, jikar masu rini, a ce an ɗauko ni haya kamar kujerar biki. Kuma mai faɗar da singileti. Na ce ta gaya masa kwana biyu na yi ina naƙudar wannan ƙaton a ɗakin uwata, har aka fara yi mini Yasin. Ta gaya masa tabon da ke bayan kunnensa na hagu murhu ne, yana ɗan yaye a ɗakin kakarsa, kuma ni na yi kwana bakwai ina leƙensa ta taga don ba zan iya shiga in ɗauke shi a gaban mutane ba. Ta juya duka. Tsohon ya saurara har ƙarshe, ya ce labari kowa na iya haddace shi. Ya ɗauki ledar nan ya cusa ta a ƙugun wandonsa, ya yi wa mai burushi alama ya wuce.

Sai yaron ya yi magana, a hankali, kansa a ƙasa.

"Yaya, ki bar shi. Kada ki karya abin da kika riƙe shekara talatin da uku saboda ni. Zan tattara in dawo gida, Allah ya sa haka ne mafi alheri."

A nan na dube shi. Ina nufin duba na gaske, wanda ban tuna ranar da na yi masa irinsa ba. Ashe har furfura ta fara fito masa a gefen kunne. Kunnuwan na ubansa ne sak. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Yana shirin zubar da mace da sana'a don kada bakina ya yi abin kunya, kuma ko a fuska bai nuna yana ganin laifina ba. Tausayinsa ya kama ni, da wani haushin kaina da ban san inda ya fito ba.

Na kira mai burushi da hannu. Na sunkuya wajen kunnensa na faɗa, can ƙasa-ƙasa, yadda ko Hauwa ba ta ji ba. Dattijon ya kafa hannu a kunne ya ce, "Ha?" Ashe kurma ne. Na ƙara ɗaga murya kaɗan, daidai lokacin da aka saki ganguna. Ya sake cewa, "Ha?" To akwai wani mai surutu da ke yawo tsakanin tebura da makirfo yana gwanjon fitilun biki. Ya ga ana fama, shi ga mai taimako, sai ya zuro mini abin a baki daidai na cika ƙirji da iska.

"Haruna."

Lasifika huɗu ne a filin, har da wadda aka ɗaura a kan ƙofar gidan gunkin. Sunan da na ɓoye shekara talatin da uku, ko a ɗakina ni kaɗai ban taɓa furta shi ba, ya fita ya daki bango ya dawo. Masu ganga suka tsaya. Dodo ya cire kai yana leƙe. Ƙauye guda ya juyo yana kallon baƙar mata mai dogon ɗauri.

Yaron ya ce, "Na'am."

Da shinkafa a bakinsa ya faɗa. Sai ya kifa fuska a kan jan ƙyallen nan ya fashe da kuka, ƙato da shi, kafaɗunsa na girgiza har kofuna na motsi. Ni kuwa na kafa wa agwagwar ƙarya ido, na ce yajin ne ya shiga idona, duk da ba wanda ya tambaye ni.

Tsoho Can ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya yi magana, Hauwa ta juya tana share hanci da gefen hijabi.

"Ya ce suna kowa na iya haddacewa. Amma ba a yi wa uwar haya irin wannan kuka."

Ya zaro ledar daga ƙugunsa, da ɗuminta da komai, ya turo ta gabana, ba gaban 'yarsa ba. Ya miƙe tsaye ya zuba mini shayi da hannu biyu. Sheshe ɗin ma ta gudu daga kaina, sai na ƙwanƙwasa masa tebur da yatsu biyu. Haƙorin zinariyar nan ya fito gaba ɗaya.

Kafin mu tafi Hauwa ta ja ni bangon waje ta nuna mini. Zane uku ne kamar sawun kaji a ƙarƙashin sunayen gidansu. Ta karanta mini, wai Ha-lu-na. Duk wannan tonon silili da na sha, ashe ma ba su rubuta daidai ba.

Bayan kwana huɗu aka ɗaura auren hukuma, ranar Juma'a aka shafa fatiha a masallaci. Na dawo da tukunyar shayina da ludayin da uwar Hauwa ta tilasta mini, na bar mata sauran yajin.

Da na kwana biyu da dawowa na tafi Ɗanbatta gaida tsohuwa. Labari ya riga ni isa, Bilki ba ta iya riƙe magana. Na same ta a kan tabarma tana ɓare gyaɗa. Ko gaisuwata ba ta gama amsawa ba ta fara.

"Ke, ashe abin da kika je yi ke nan. A lasifika. A gaban gunki. Ba ki bar wa gidan nan ko ƙyallin mutunci ba."

Na zauna na sha faɗa, da shekara hamsin da 'yan kai a kaina. Da ta gaji ta koma kan gyaɗarta. Can sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Da kika kira shi, me ya yi?"

"Ya amsa."

"Shi ke nan?"

"Ya yi kuka."

Ta ci gaba da ɓare gyaɗarta. Na zauna har la'asar, na yi mata sallama na tashi. Na kai bakin ƙofa, ƙafata ɗaya a waje, sai na ji ta yi gyaran murya.

"Ke."

Na tsaya. Ban juyo ba. Ina jin ta daina ɓare gyaɗar, ina jin numfashinta. Ban san tsawon lokacin da na yi riƙe da labulen nan ba, ina jiran abin da ban taɓa ji daga bakinta ba.

"Ja mini ƙofar, kaji na shigowa."

Na ja mata ƙofar. A zaure na tsaya na lalubo waya a jaka, na kira Gwanjo. Ya ɗauka ya ce, "Yaya, lafiya?" Sannan ya yi ɗan shirun nan da yake yi mini a waya tun ranar walimar, wanda da nake ɗauka matsalar layi ce. Na leƙa waje na ga ba kowa, na juya wa ƙofa baya, ban bar shi ya daɗe yana jiran sunansa ba.